Jariri a gaban kyamara: me ake ganowa idan aka yi nazarin tunaninsa daga gida?

Ta yaya za a auna tunanin jaririn da ko "mama" bai fara faɗa ba, alhali mai awon bai taɓa ganinsa ido da ido ba? Wannan tambaya ce ke tasowa duk lokacin da aka ji cewa wasu jami'o'i suna gayyatar iyaye su zaunar da jariransu a gaban kwamfuta a gida, a kunna kyamara na 'yan mintuna, sannan bidiyon ya tafi wurin masu bincike ta intanet. Wasu sun ɗauka jarrabawar basira ce da za ta nuna ko yaro zai yi ƙoƙari a makaranta. Wasu na ganin dabara ce ta tara hotunan yara. Akwai kuma masu cewa ana koya wa jinjiri kallon allo tun bai san hagu da dama ba. Zargi na biyu da na uku suna da abin dubawa a cikinsu. Na farko kuwa kuskure ne tsantsa, kuma shi ya fi yaɗuwa.

Me ake nufi da tunanin jariri?

Idan masana suka ce suna nazarin bunƙasar tunani a farkon rayuwa, ba hazaƙar wani yaro guda suke nufi ba. Suna neman sanin yadda ɗan Adam, kowane ne shi, yake fara gane duniya. Yaushe jariri yake sanin cewa abin da aka rufe da mayafi yana nan bai ɓace ba? Yaushe yake bambance ɗaya da biyu? Ta yaya yake tsinto kalmomi daga maganar manya, wadda ke zuba kamar ruwa ba tare da wata alama da ke nuna inda kalma ta ƙare wata ta fara ba? Shin yana gane cewa hannun da ya miƙa zuwa ga wani abu yana da niyyar ɗaukarsa ne?

Amsar irin waɗannan tambayoyi ba ta fitowa daga jariri ɗaya. Sai an haɗa jarirai da yawa masu watanni ɗaya, a duba inda mafi yawansu suka karkata.

Idon jariri shi ne bakinsa

Labarin zuciya, a tambayi fuska. Kusan duk wannan fanni a kan wannan magana ya tsaya, sai dai su ido suke tambaya. Jariri ba ya magana, ba ya danna maɓalli, ba ya bin umarni, amma tun daga makonnin farko yana da iko a kan abu guda: inda zai kalla, da tsawon lokacin da zai ɗauka yana kallo.

Wani Ba'amurke mai suna Robert Fantz ne ya mayar da wannan ya zama ma'auni a ƙarshen shekarun 1950. Yakan kwantar da jariri a cikin wani akwati, ya rataya hotuna biyu a samansa, ya leƙa ta wata 'yar kafa yana duba wanne daga cikin hotunan ke bayyana a ƙwayar idon yaron, yana ƙirga daƙiƙoƙi. Ya gano cewa jarirai sun fi tsayawa a kan abu mai zane fiye da fili mai launi ɗaya. Wato ba duhu-duhu kawai suke gani ba, suna zaɓe.

Daga nan dabaru biyu suka fito. Ta farko ta dogara ne da gundura. Idan ka yi ta nuna wa jariri abu ɗaya, kallonsa zai riƙa raguwa har ya kawar da kai. Sai ka canza abin kaɗan. Idan ya dawo da kallo, ya ga bambancin ke nan. Idan bai dawo ba, a wurinsa duk ɗaya ne. Ta biyu ta dogara ne da mamaki: a nuna masa abin da zai iya faruwa, a nuna masa wanda ba zai yiwu ba, kamar mai rufa-ido, a ga wanne ya fi riƙe idonsa.

Da wannan dabara ta biyu aka girgiza abin da aka daɗe ana koyarwa. Jean Piaget, masanin ƙasar Suwizalan, ya lura cewa jariri ba ya neman abin wasan da aka ɓoye masa sai ya kai wajen wata takwas, sai ya yanke cewa kafin nan abin da ya bar ido ya bar zuciya. A 1987 Renée Baillargeon ta nuna wa jarirai 'yan wata uku da rabi zuwa huɗu da rabi wani allo mai jujjuyawa kamar murfin akwati, aka ajiye wani ƙaramin akwati a bayansa. Wani lokaci allon yakan tsaya idan ya taɓa akwatin. Wani lokaci kuma yakan wuce har ƙasa kamar babu komai a wurin. Jariran sun fi daɗewa suna kallon na biyun, abin da aka fassara da cewa suna tuna akwatin yana nan ko da ba sa ganinsa. A 1992 Karen Wynn ta yi makamancin haka da 'yar tsana: aka ajiye ɗaya, aka rufe da allo, aka ƙara ɗaya a idon jariri ɗan wata biyar, aka buɗe. Idan ɗaya kawai aka gani maimakon biyu, kallon ya fi tsawo.

Ta ɓangaren harshe ma haka ne. Janet Werker da Richard Tees a Kanada sun nuna a 1984 cewa jariran da ake yi wa Turanci a gida suna iya bambance wasu sautukan harshen Hindi tun suna wata shida zuwa takwas, sautukan da manya masu Turanci ba sa jin bambancinsu, amma kafin su cika shekara wannan baiwa ta dushe saboda kunnensu ya daidaitu da harshen gidansu. A 1996 kuma Jenny Saffran da abokan aikinta suka kunna wa 'yan wata takwas gaɓoɓin wani harshe na ƙirƙira na minti biyu kacal, jariran suka nuna alamar sun gane waɗanne gaɓoɓi ne ke yawan tafiya tare.

A nan sai na ɗan ja birki. Tsawon kallo ba magana ba ce, fassara ake yi masa. Tun shekarun 1990 akwai masana da ke cewa abokan aikinsu suna ɗora wa daƙiƙa biyu ko uku na ƙarin kallo ma'anar da ta fi ƙarfinsu. Ƙila jaririn ba lissafi ya yi ba, ƙila motsin da ya fi yawa ne ya ja idonsa. Wannan muhawara ba ta mutu ba, kuma komawa gida da kyamara bai kashe ta ba. Amma abin lura shi ne, ma'aunin kansa, wato ina aka kalla kuma na tsawon wane lokaci, abu ne da kyamarar kwamfuta ta gida za ta iya ɗauka. Da ana buƙatar allura ko babbar na'ura, da maganar yin sa daga nesa ba ta ma taso ba.

Da ma a gida aka fara

Mutane kan ɗauka cewa nazari daga gida sabon abu ne. A'a. Charles Darwin ya riƙa rubuta abin da ya gani game da ɗansa na fari tun daga haihuwarsa a 1839, ya kuma wallafa bayanan a 1877. Piaget kansa a kan 'ya'yansa uku, Jacqueline da Lucienne da Laurent, ya gina mafi yawan abin da ya faɗa game da jarirai. Matsalar a fili take: uba ne ke kallon ɗansa, yaro ɗaya ko uku, kuma idon uba ba ya rasa son kai.

Don a kauce wa haka aka koma ɗakin gwaji na jami'a, inda haske ɗaya ne, allo ɗaya ne, nisa ɗaya ne, babu hayaniya. An sami tsafta, amma an biya kuɗinta. Kawo jariri jami'a aiki ne: a daidaita da lokacin barcinsa da na shan nononsa, a sami abin hawa, uwa ko uba su bar aiki da rana tsaka. In an iso kuma yaro ya ga baƙin fuska ya fara ƙyuya, ko ya ɓarke da kuka, ko barci ya kwashe shi, tafiyar ta tashi a banza. Shi ya sa bincike da yawa, har da waɗanda suka yi suna, aka yi su da jarirai goma sha wani abu ko ashirin da 'yan kai a kowane rukuni. Da adadi irin wannan, sa'a kaɗai tana iya haifar da sakamakon da zai yi kama da gaskiya.

Sannan su wane ne ke zuwa? Iyalan da ke zaune kusa da jami'a, masu ilimi, masu sararin lokaci. Wani nazari da Mark Nielsen da abokansa suka wallafa a 2017 ya duba manyan mujallun wannan fanni ya tarar kusan kashi 90 cikin 100 na yaran da aka yi bincike a kansu daga Amurka suke, ko sauran ƙasashe masu Turanci, ko Turai. Duk da haka a rubuce sai a ce "jarirai suna yin kaza", kamar an zagaya duniya.

Masanan sun fara gyara da kansu. Suka kafa wata haɗaka mai suna ManyBabies, inda ɗakunan gwaji da yawa ke yin gwaji ɗaya da tsari ɗaya. Na farko, wanda ya fito a 2020, ya haɗa ɗakunan gwaji sama da 60 da jarirai sama da 2,000, ya tabbatar da cewa jarirai sun fi son irin muryar da manya ke yi musu, mai tashi da sauka da jan kalma, fiye da maganar manya ta yau da kullum. Amma ƙarfin abin bai kai yadda ƙananan binciken baya suka nuna ba. Wani aikin da suka yi daga baya ya sake gwada shahararren binciken 2007 da ya ce jarirai sun fi son 'yar tsanar da ta taimaki wata hawa tudu fiye da wadda ta tura ta ƙasa. Da aka yi shi da jarirai masu yawa a ƙasashe daban-daban, ba a ga wannan fifiko ba. Darasin da fannin ya ɗauka shi ne yana buƙatar jarirai da yawa, kuma daga gidaje iri-iri. Nan ne intanet ta shigo.

Yadda ake yin sa

A jami'ar MIT da ke Amurka, Kim Scott da Laura Schulz suka gina wani dandali mai suna Lookit, suka wallafa sakamakon gwajinsa na farko a 2017. A lokacin 'yan kaɗan ne suka kula. Sai annobar korona ta rufe ɗakunan gwaji a 2020, kuma jariri ba ya jiran a buɗe gari: wanda ake son gani yana wata shida, in aka jinkirta wata uku ya zama wani mutum dabam. Dole ta sa kowa ya koma intanet. A shekarar aka buɗe shafin Children Helping Science don tara irin waɗannan bincike wuri ɗaya, daga baya kuma aka haɗe shi da Lookit.

Hanya biyu ce. A ta farko ana haɗuwa da mai bincike kai-tsaye ta kiran bidiyo, kamar Zoom, shi ke kunna hotunan yana kallon yaron. A ta biyu babu kowa a ɗaya gefen. Uwa ko uba su shiga shafin a lokacin da suka ga yaro ya ƙoshi ya wartsake, ko da tsakar dare ne, su karanta bayani, su ɗauki ɗan gajeren bidiyo suna faɗa da bakinsu cewa sun amince, sannan gwajin ya fara da kansa. Yawanci ba ya wuce minti biyar zuwa goma sha biyar. Akan roƙi mai riƙe da yaron ya rufe ido, ko ya juya wa allon baya ya saɓa jaririn a kafaɗa yana leƙe. Dalili kuwa, jariri gwanin karanta jikin uwarsa ne. In ta ɗan zabura da ganin abin mamaki, shi ma zai zabura, sai a auna uwar a zaci ɗan aka auna.

Bayan nan sai aikin wahala. Wani ma'aikaci zai zauna da bidiyon yana tafiya da shi hoto bayan hoto, yana rubuta hagu, dama, ya kawar da kai, kuma ba a gaya masa abin da ke kan allon yaron a lokacin, don kada zatonsa ya ja hannunsa. Bidiyon 'yan mintuna yana iya cinye masa ninkin-ba-ninkin wannan lokaci. Yanzu akwai manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira, irin su iCatcher+, da aka horar su yi wannan ƙirga.

Ba kallon allo ne kaɗai hanyar ba. Akwai takardar da iyaye ke cikewa su nuna kalmomin da yaro ya sani ko yake faɗa. Akwai ƙaramar na'urar ɗaukar sauti, kamar LENA, da ake sa wa yaro a aljihun riga ta wuni tana naɗar abin da yake ji. Akwai ma kyamarar da ake ɗaura wa yaro a ka don a ga duniya ta idonsa. A 2024 wasu masu bincike a Jami'ar New York suka ɗauki awa 61 na irin wannan bidiyo daga yaro guda, tsakanin wata shida zuwa kimanin shekara biyu, suka horar da kwamfuta da shi, ta kuma koyi haɗa wasu kalmomi da abubuwan da suke nufi.

Riba da hasara

Masu goyon baya suna da hujja mai ƙarfi. Yaro a gidansa yake, a cinyar da ya sani, babu ƙyuya. Ana iya samun ɗaruruwan jarirai a lokacin da ɗakin gwaji zai samu ashirin. Ana iya komawa ga yaro ɗaya sau da yawa a ga yadda yake canzawa. Iyalan da yaronsu ke da wata larura da ba kasafai ake samu ba, waɗanda ke warwatse a garuruwa masu nisa, suna iya shiga bincike ɗaya. Kuma tun da komai a rubuce yake cikin manhaja, wani masani a wata ƙasa zai iya maimaita gwajin daidai yadda aka yi shi.

Masu shakka su ma ba su faɗi a banza ba. Wannan gida allonsa babba ne, wancan ƙarami. Nan taga tana bayan yaro fuskarsa ta yi duhu, can kuma yayansa ya shigo da gudu a tsakiyar gwaji. Intanet ta ɗan tsaya, sauti ya riga hoto. Na'urar bin ido ta ɗakin gwaji tana iya nuna ko baki jariri ke kallo ko ido. Kyamarar gida iyakarta hagu ko dama ko ya kawar. Awon aikin ƙwaƙwalwa da hula mai wayoyin lantarki da ake sa wa yaro a ka kuwa ba ya yiwuwa ta intanet sam. Don haka akan zubar da bidiyo da yawa da ba su yi kyau ba.

Da aka maimaita tsofaffin gwaje-gwaje ta wannan hanya, wasu sun fito kamar yadda suka fito a jami'a, wasu sun fito da rauni, wasu ba su fito ba. Na ukun ne ke da sarƙaƙiya. Idan sakamako ya ƙi fitowa a gida, hayaniyar gida ce ta binne shi, ko kuwa da ma can bai da ƙarfi? A ganina tambayar tana da amfani ko ta wane gefe ta faɗi. Baiwar da ba ta bayyana sai a ɗaki mai duhu da shiru, ya kamata a tambayi irin aikin da take yi wa yaro a rayuwarsa, tun da ba a irin wannan ɗaki yake girma ba.

Abin da ya shafi iyaye

Mu koma kan kuskuren farko. Wannan ba awon lafiya ba ne, ba kuma jarrabawa ba. Idan jaririnka ya kalli ɓangaren da ba a zata ba, ko ya fi sha'awar yatsun ƙafarsa a kan allon, babu abin da hakan ke nunawa game da basirarsa. Yaro ɗaya yana iya yin wani abu yau, gobe ya yi akasinsa. Shi ya sa masu binciken kirki ba sa ba iyaye maki, kuma suna faɗa tun farko cewa ba za su bayar ba. Duk manhajar da ta ce ka biya kuɗi ta gaya maka hazaƙar jaririnka daga bidiyon minti biyar, ta yi alƙawarin da masu ilimin kansu ba su yi ba. Gaskiya ne ana ƙoƙarin amfani da kallon yara wajen gano alamun larurar otizim, wadda ke shafar yadda yaro ke mu'amala da mutane, da wuri, har hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wata na'ura irin wannan ga yara 'yan wata 16 zuwa 30, amma a asibiti ake amfani da ita, a hannun ƙwararru. Uwar da ta ga ɗanta ba ya juyowa in an kira shi, ko ba ya bin abu da ido, likita za ta nema.

Batun allo kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a riƙa zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba a gaban allo. Abin da ake gudu shi ne ya zama al'ada ta kullum da za ta cinye lokacin wasa da barci da hira da mutane. Minti goma sau ɗaya a cinyar uwa wani abu ne dabam, ko da yake iyayen da suka ce su ko wannan ba sa so, ba su yi laifi ba.

Sirri ne ya fi cancantar a tsaya a kai. Bidiyon yana ɗauke da fuskar yaro da cikin ɗakin iyali, kuma mai fuskar bai isa a nemi izininsa ba. Binciken jami'a yana bi ta hannun kwamitin ɗa'a kafin a fara. A Lookit iyaye ke zaɓar wa zai ga bidiyon: masu binciken kaɗai, ko sauran masana da aka tantance ta wata ma'ajiya mai suna Databrary, ko jama'a gaba ɗaya, kuma suna iya janye shi a ƙarshen zaman. Kafin a danna amincewa, ya dace a ga sunan jami'ar da na mai binciken, a san inda za a ajiye bidiyon, a san ko za a yi amfani da shi wajen horar da manhaja. Wannan na ƙarshe sabon abu ne, kuma ba kowace takardar amincewa ta dā ce ta hango shi ba.

Shin an kai ga kowa?

Babban alƙawarin wannan hanya shi ne za ta fitar da ilimin daga unguwannin da ke kewaye da jami'o'i. Ta ɗan yi hakan, amma ƙofar da ta buɗe tana da nata makulli. Gwaje-gwaje da yawa suna buƙatar kwamfuta mai kyamara, ba wayar hannu ba, saboda a ƙaramin allo da wuya a gane hagu daga dama a idon jariri. Suna buƙatar intanet mai ƙarfin ɗaukar bidiyo, da uwa ko uba mai karanta harshen da aka rubuta umarnin. Hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2023 cewa mutane kusan biliyan 2.6, wato kashi ɗaya cikin uku na al'ummar duniya, ba sa kan intanet ko kaɗan. Ita ma manhajar da ke ƙirga kallo, da irin fuskokin da aka nuna mata take koyo. In ba ta saba da wani launin fata ko wani irin haske ba, sai an gwada ta a kansu kafin a yarda da ƙirgarta.

Harshe ya fi duk waɗannan wuya. Evan Kidd da Rowena Garcia sun duba manyan mujallu huɗu na nazarin yadda yara ke koyon magana, suka wallafa a 2022 cewa a cikin shekaru 45 harsuna 103 kawai aka taɓa, daga cikin kusan 7,000 da ake magana da su a duniya, kuma Turanci shi kaɗai ya kwashe fiye da rabin maƙalun. Kyamara ba ta gyara wannan da kanta. Kafin a gwada jaririn da ke jin wani harshe, sai an sami mai harshen ya naɗi muryoyin gwajin, ya tsara jerin kalmomin da yaran wurin ke fara faɗa, ya zaɓi hotunan abubuwan da suka saba gani, ya kuma rubuta takardar amincewa yadda iyaye za su gane abin da suke sa wa hannu. A mafi yawan harsunan duniya har yanzu ba a fara wannan aiki ba.